Kunun Baba Can

Wata bakwai ina wanke tukwane a sansanin 'yan Sin,
bayan garin Daura, inda ake zuba kankare dare da rana.
Mai dafa musu tsoho ne, sunansa Cen,
mu kuwa muka ce Baba Can,
tunda dai daga can ɗin ya fito.
Hausarsa kalma huɗu ce:
sannu, ruwa, kaɗan, gobe.

Ran da na zo aiki ido jawur,
an sallamo Nafi'u daga asibiti,
wuya kamar sillen kara,
ya ƙi koko, ya ƙi kunun gyaɗa,
ko cokali ya hango sai ya kau da kai.
Na kwatanta da hannu: yaro, ga tsayinsa, ba ya ci.
Tsohon ya ciro waya,
ya nuna mini jikarsa cikin jar riga, haƙora biyu,
sannan ya ja ni bakin murhu.

Ƙashin kaza, yankan Sule na safiyar nan,
ɗanyar citta yanka uku, sirara kamar farce.
Ya tsaya yana kwashe kumfa
kamar mai tsince tsakuwa a idon wani.
Na miƙa masa dunƙulen ɗanɗano, ya ture.
Na miƙa barkono, ya yi dariya har da tari.
Shinkafa tafi ɗaya.
Ya ɗaga yatsu goma, ya ce: ruwa.
Ya rage wuta, ya ce: sannu.
Na nuna gishiri, ya ce: kaɗan,
ya kuma matse yatsu, ya sake cewa: kaɗan.

Da yamma a Sha'iskawa na karɓi murhu daga hannun Sahura.
Gwaggo Dudu ta leƙo tukunya, ta riƙe baki:
"Ikon Allah! Shinkafa ce ko wanka take yi?
Ƙato da gemu, ka rasa abin koyowa
sai ruwan da muke zubar wa awaki?"
Ban tanka ba. Ina juyawa kada gindi ya kama.

Aka kira magariba, ƙwaya tana nan ƙwaya.
Aka kira lisha, ta soma fashewa,
ta saki jikinta, ta mance kamanninta,
har ba ka iya cewa nan ruwa, nan shinkafa.
Na murje kabewa a ciki, na zare tsokar kaza zare-zare.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo.
Ni romon kawai nake roƙo, a bar dutsen.

Sahura ta ɗora shi a cinya, ta hura.
Na farko ya tofar.
Na biyu ya riƙe a baki, yana kallon fitila,
mu uku ba mai numfashi.
Sai maƙogwaron nan ya motsa.
Uku. Huɗu. A na shida ya kama cokalin da kansa.
Gwaggo ta ce hayaƙi ne ya shigar mata ido,
alhali tuni gawayin ya mutu.

Na koma da labari, yatsu shida a sama.
Tsohon ya jinjina kai, ya ce: gobe.
Goben ya koya mini romon kifi da karas,
wata goben, ƙwai da ake tsiyayawa a romo ya zama gajimare.

Da aikinsu ya ƙare ya bar mini ludayinsa na ƙarfe,
mai lanƙwasa a mariƙi.
Ba ni da lambarsa.

Yanzu in yaron maƙwabta ya tashi daga ciwo,
Gwaggo ake aiko wa.
Tana ƙara garin zogale, wani sa'in ta saci daddawa ta jefa,
tana faɗa wa mata wai tun zamanin kakarta ake yinsa.
Nafi'u na can yana korar kajin mutane.
Ni dai ina jinta daga zaure,
tana daka wa Sahura tsawa a kan wuta:
"Ke, sannu! Kaɗan!"